Aikin da Ke Ɓoye Cikin Bango

Yawancin masu kiranmu da ƙorafi ɗaya suke zuwa, wai intanet ɗinsu ba ya sauri, kuma kusan kullum kamfanin da ke sayar musu da sabis suke ɗora wa laifi. Amma a tsawon zamana cikin sana'ar haɗa gidaje da ofisoshi da intanet, abin da na fi gani shi ne sabis ya iso bakin ƙofa lafiya lau, sannan ya lalace a 'yan mitocin da ke tsakanin ƙofar da wayar da ke hannun mai gida. A waɗannan 'yan mitoci ne ƙaramin kamfaninmu ya ƙware, kuma a nan ake bambance gwani da ɗan koyo.

Idan layin faiba ya iso unguwa, shi nake ba kowa shawarar ya ɗauka, domin haske ne ke ɗaukar saƙo a cikinsa, ba ruwansa da tsatsa ko hayaniyar wayoyin lantarki. Zaren gilashi ne mai kaurin mikron 125, kusan kaurin gashin kai, tsakiyarsa kuwa inda hasken ke bi ba ta wuce mikron 9 ba. Haɗa bakin zare biyu irin wannan shi ne aikin da na fi alfahari da shi. Sai an feɗe rigar zaren a hankali, a goge shi tas, a datse bakinsa a miƙe da na'urar yanka ta musamman, sannan a kwantar da shi cikin injin da ke saita bakunan biyu ya narkar da su da tartsatsin lantarki har su zama abu guda. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata haɗin. Injin yana nuna yawan hasken da ya salwanta, kuma a wurinmu duk haɗin da asararsa ta kai desibel 0.1 karya shi muke yi mu sake, ko da mai gida ba zai taɓa sanin an yi ba.

Inda faiba bai kai ba, akwai rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet cikin gida, mai ɗaukar layin waya na 4G ko 5G, wadda sirrinta bai wuce inda aka ajiye ta ba, domin eriyar da aka ɗaga waje ta fuskanci turken sabis takan sauya al'amari gaba ɗaya. Akwai kuma tauraron ɗan'adam. Tsofaffin taurarin suna can nisan kilomita 35,786, shi ya sa saƙo ke cin fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, magana ta bidiyo ta riƙa sarƙewa. Sababbin, irin na Starlink, suna shawagi ne a ƙasa da kilomita 600, jinkirinsu kaɗan ne, sai dai farantinsu yana son sararin sama fili, reshen bishiya ɗaya ma yakan riƙa katse shi. Tsohon layin tarho na jan ƙarfe kuwa, zamaninsa ya kusa wucewa.

Kowace hanya aka bi, daga ƙarshe dai sai an rarraba sabis cikin gida, kuma a nan ne kebul ke shigowa. Maigidana da ya koya mini aiki bai bar ni na taɓa rauta ba sai da hannuna ya faɗa wajen matse kan kebul. Silli takwas ne a ciki, an murɗe su biyu-biyu, kuma yakan sa ni in jera launukansu da ka, daga fari mai ratsin ruwan lemo har zuwa ruwan ƙasa, shi yana tsaye bai ce uffan ba. Idan na matse sai ya ɗaga kan ya duba shi a haske, ya ga ko kowane silli ya kai ƙarshe, ko rigar kebul ɗin ta shiga ƙarƙashin maƙalli. Shi ya fahimtar da ni cewa murɗin nan shi ke kare saƙo daga hayaniya, don haka ba a warware fiye da milimita 13, kuma ba a jan kebul ya wuce mita 100. Tun 1973 aka ƙirƙiro wannan fasaha ta haɗa na'urori da kebul, wato Ethernet, a cibiyar binciken kamfanin Xerox, kuma har gobe duk abin da ba ya motsi, talabijin ne ko kwamfutar tebur ko kyamarar tsaro, kebul ya fi dacewa da shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabun kebul da ya cika kasuwa. Alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, aka buga masa tambarin mai kyau a kwali. Alminiyom ba ya ɗaukar lantarki sai kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, ga saurin karyewa idan an lanƙwasa shi, idan kuma aka tura wa kyamara wuta ta cikinsa sai ya riƙa ɗumi a cikin bango. Masu aikin sha-yanzu-magani-yanzu da shi suke karya mana kasuwa, mai gida ya ga sauƙi ya bi, bayan an shafe bango an yi fenti matsala ta ɓullo, su kuma sun kashe waya. Duk kwalin da dillali ya kawo mana sai na kankare silli ɗaya da wuƙa a gabansa, idan fari ya leƙo daga ƙasa, da kayansa zai koma.

Wi-Fi kuma mutane sun ɗauka tsafi ne, alhali igiyar rediyo ce mai dokokinta. Zangon igiyarsa na gigahaz 2.4 yana tafiya nesa yana ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, tashoshi uku ne kacal a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri, sai dai kankare mai rodi da madubi da ƙofar ƙarfe suna karya shi. Saboda haka idan na tarar an ɓoye rauta a bayan talabijin ko cikin kabad don kada ta ɓata ado, tun kafin in buɗe jaka na san rabin ciwon. Mukan zagaya ɗaki-ɗaki da na'urar auna sigina, mu ɗaga rauta sama a tsakiyar gida, idan gidan babba ne ko bene mu ƙara na'urorin watsawa, kowace mu kai mata kebul nata. Ƙaramar na'urar ƙara sigina da ake soka wa a soket, wadda masu aikin sha-yanzu-magani-yanzu ke lallaɓa mutane su saya, sau da yawa raba saurin biyu take yi, domin ta hanya guda take karɓa take mayarwa.

Ba ma tattara kayan aiki sai mun gwada kowane soket da na'urar gwaji a gaban mai gida, mun liƙa wa kowane kebul lamba a bakinsa biyu, mun canza kalmar sirrin da rauta ta zo da ita daga masana'anta, sannan mu bar masa zanen inda kowace waya ta bi, domin duk ma'aikacin da zai zo bayanmu ya san inda zai huda bango da inda zai kiyaye.