Jaka goma sha ɗaya a ɗakina na Nima

Jaka goma sha ɗaya na ƙirga ranar da na fara wannan aiki, bakwai a ƙarƙashin gado, huɗu a saman wadirob. Irin jakar nan ce mai zanen ja da shuɗi, wadda ake kira Gana-mas-go tun korar da aka yi wa mutanen Gana daga Najeriya a 1983. Ban da su akwai akwatin lefena, da kwallayen marigayiya Inna guda tara a jere har kusa da rufi, da buhu biyu na ƙyallayen da suka rage daga ɗinki. Ni tela ce, shekara ashirin da wani abu ina kan keke a unguwar Nima da ke Accra, kuma duk wanda ya san tela ya san ba ma zubar da ƙyalle. Wata rana zai yi amfani, haka muke cewa.

Ɗaki ɗaya ne da falo, ni da 'ya'yana biyu, a gidan haya mai ƙofa goma sha biyu da famfo ɗaya. Daren 3 ga Yunin 2015, daren da ruwa ya ci Accra har gidan mai ya kama da wuta a shataletalen Circle mutane fiye da ɗari suka rasu, ruwa ya shigo mana ya kai idon sawu. Namu mai sauƙi ne, Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi. Amma duk abin da ke ƙarƙashin gado ya jiƙe. Na kwashe kwana uku ina shanya a tsakar gida, maƙwabta suna tsallake atamfofina, sannan na ninke na mayar da kowace jaka inda take. Ko tsinke ban fitar ba. Yanzu in na tuna sai na yi dariya, don gargaɗi ya zo mini har cikin ɗaki ban ji ba.

Abin da ya farkar da ni bai kai wannan ba. Bayan 'yan shekaru, wani dare zazzaɓi ya kama ƙaramin ɗana, jikinsa kamar garwashi, ga shi an ɗauke wuta. Na tashi neman katinsa na inshorar lafiya da hasken waya. Na san yana ɗakin. Na zazzage jaka uku a kan gado, yaro yana rawar ɗari, 'yata tana riƙe mini waya tana cewa, "Mma, mu tafi kawai, a bar katin." Haka muka tafi, na biya komai daga aljihu, kuɗin da na tara na adashi. Sai bayan mako biyu katin ya fito daga cikin wata tsohuwar jakar hannu, kuma ko da na same shi a daren nan bai yi mini amfani ba, ya daɗe da ƙarewa.

A asibitin ne, muna zaune kan benci, wata nas ta kalle ni ta ce, "Hajiya, kawo hannunki mu gani, idonki bai yi mini ba." Ta auna sau biyu. Ya haura 160 a sama, 100 a ƙasa. Ta ce daga 140 da 90 ake fara kiransa hawan jini, in dawo a sake aunawa. Na dawo, bai sauka ba. Yaro na kawo, ni aka ɗora a kan magani.

Kuskuren da na fara yi, na tafi kasuwar Makola na sayo manyan robobi masu murfi guda huɗu. A tunanina matsalata rashin wurin zuba kaya ce. Na juye jakunkuna a cikin robobi, jakunkunan da suka zama fanko kuma na ninke na ajiye, don wata rana za su yi amfani. Ɗaki ya ƙara cushewa. Kuɗin robobin har yau yana yi mini ciwo.

Lissafin haya ne ya gyara mini kai. Mai gida ya zo karɓar kuɗin shekara biyu gaba ɗaya, kamar yadda aka saba a garin nan, duk da doka ta ce kada a wuce wata shida. Bayan na ƙirga masa ya tafi, na zauna bakin gado ina kallon ɗakin. Rabinsa ba mu ke zaune a ciki ba. Ɗana yana kwana a falo a kan tabarma, 'yata tana yin aikin makaranta a kan cinyarta, ni kuma sallaya ma sai na karkata ta kafin in samu wurin sujada. Wato a cikin shekara biyun nan da na biya da gumin kafaɗata, shekara ɗaya cur jakunkuna na biya wa. 'Yan haya ne da ba sa kawo ko sisi, sai ƙura da kyankyaso da warin gumi na rufaffen tufa.

Ban ce zan gama a rana ɗaya ba, na san halina. Jaka ɗaya kowace Asabar bayan sallar asuba, kafin a fara layin famfo. In zazzage ta a kan tabarma, kuma ba za ta koma ƙarƙashin gado ba, ko da me. Tambayar da nake yi wa kowane abu ɗaya ce: tun azumin bara na taɓa ka? In ban taɓa ba, to mai shi yana wani wuri yana jira.

Mafi yawan abin da ke ciki yayi ne, abin da a Najeriya suke kira anko. Mu matan Zango, wato unguwannin Hausawa da Musulmi a Gana, mun san wannan ciwo. Aure yayi, suna yayi, tarbar alhazai yayi, kuma in ba ki saya ba a ce kin raina mai sha'ani. Ni da nake ɗinka wa mutane na fi kowa sanin cewa yawancinsa sau ɗaya ake sawa. Na samu kala talatin da huɗu. Wasu ma ban tuna bikin wa aka yi da su ba, wasu auren ya mutu tuni atamfar tana nan sabuwa. Na ware shida. Sauran na raba wa 'yan uwa da suka zo daga arewa, da 'yan matan nan masu dakon kaya a kasuwa waɗanda suke kwana a barandar shaguna. A nan ma na koyi wani abu: kada ki ba mutum abin da ke kanki za ki ji kunyar sawa. Wanda ya ci ya yage, tsumma ne, sunansa ke nan, ba sadaka ba. Mai zuwa kasuwar gwanjo ta Kantamanto ya ga yadda dilolin gwanjo suke shigowa daga Turai da Amurka, da yadda tarin da ba ya sayuwa yake ƙarewa a bola da bakin teku. Ba na so in zama ƙaramar Turai ga wanda ya fi ni talauci.

Ƙyallayen ɗinki kuwa na ba yarinyar da ke koyon aiki a wurina, ta haɗa su ta yi murfin filo da 'yan jakunkuna tana sayarwa. Tsohuwar fanka da rediyon da suka mutu tun zamanin dumso, wato lokacin yawan ɗauke wuta, masu sayen ƙarafa da ke yawo da kura suka ɗauka, har da 'yan canji.

Kwallayen Inna su ne suka tsaya mini a wuya. Wata biyu ina zagaye su. Da na buɗe ta ƙasa, sai ga ƙullin ɗankwali, a ciki takardun tsohon sidi na dubu biyar-biyar guda ashirin. Dubu ɗari ke nan, kuɗin da aka canja tun 2007, lokacin da dubu goma ta koma sidi ɗaya. A ranar da ta ƙulle su kuɗi ne da zai yi cefanen kwanaki. Ta ajiye don wata rana, ranar ba ta zo ba, kuɗin ya mutu a cikin kwalla ba wanda ya ci. Na zauna na yi kuka mai isata, ba don kuɗin ba.

Yayata da ta ji labari ta taso daga unguwar Madina ta nan Accra ba ko sallama mai kyau. "Ke, kanki ɗaya? Kayan Inna za ki rabar kamar na marar gata?" Na ce, "Yaya, ga su nan, ɗauki duk wanda kike so." Ta duba, ta juya, ta ce ita ina ta ga wurin ajiyewa. Muka kalli juna. A ƙarshe ta ɗauki biyu, na riƙe biyu, sauran muka ba jikokin Inna da ke shirin aure. Akwai wata 'yar langa mai furen kore da Inna take zuba mana fura a ciki, na bayar da ita cikin zafin aiki, kuma ita kam na yi nadama. Da zan sake, abin da ya shafi mamaci ba zan yanke masa hukunci a ranar da na buɗe shi ba.

Takardu yanzu wuri ɗaya suke, a cikin fayil na roba a rataye a ƙusa sama da tsayin kaina, inda ruwa ba zai kai ba: katin shaidar ɗan ƙasa na Gana, takardun haihuwa, rasit na haya, katunan asibiti. 'Yata ta ɗauki hoton kowanne a waya. Inshora kuma ba sai na je layi ba, *929# nake dannawa in biya da MoMo, wato kuɗin waya, kuma na ɗaura sabuntawar da watan Rajab don kada in manta, tun kafin hidimar azumi ta cinye kuɗin.

Wannan ɗaurawar ita ce dabarar da ta fi yi mini aiki a wajen lafiya ma. Na gwada ƙararrawar waya, sai in kashe ta in ci gaba da abin da nake yi. Amma yinin Musulmi a yanke yake gida biyar tun asali, ladan kuma ba ya fashi. Sai na rataya kowane abu a jikin salla. Ƙwayar hawan jini tana cikin kofi kusa da carbi, ina sallame asuba nake sha. In na idar da azahar ba na komawa kan keke sai na miƙe bayana na sha ruwa. Bayan la'asar, kwana uku ko huɗu a mako, ni da wata maƙwabciyata muna takawa daga Nima zuwa babban masallacin Kanda mu dawo. Da farko mata suna tsokanarmu wai mun zama Turawa, yanzu biyu daga cikinsu sun bi mu. Bayan isha kuwa ba na kwanciya sai saman keke ya zama fili, almakashi da tef sun koma aljihunsa, an zubar da ruwan da ya kwana a bokiti a bakin ƙofa saboda sauro.

Abinci ne fagen da har yau nake kokawa. An ce gishirin yini duka kada ya wuce giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, ni kuwa dunƙule huɗu nake jefawa a miyar ayoyo kafin in kai ga gishiri. Na dawo ɗaya, na ƙara daddawa da citta da albasa. Yara sun yi mako biyu suna ɓata rai, daga baya suka daina lura. Waken safe da yajin shito da taliya da gari ban iya bari ba, kuma ba zan yi ƙaryar na bari ba. Na dai rage shi zuwa Juma'a da Lahadi, sauran ranaku koko da ƙosai biyu. Ina da ɗan littafi da nake rubuta awo duk lokacin da na biya kantin magani, in kai wa likita ya gani. Lambobin sun sauko, amma maganin ban daina ba, don na ga waɗanda suka daina da suka ji sauƙi, na kuma je gaisuwar wasunsu.

Bola ma ta shiga tsarin. Ledar fiya wata daban nake tarawa a buhu, akwai masu zuwa saye. Sauran shara mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, yake ɗauka, ina biyansa. Na daina ba yara su kai kwata da dare, abin da da yawanmu muke yi sannan damina ta zo mu ce gwamnati.

Kada a ɗauka na zama wata tsarkakakkiya. Kowace sallah ɗakin yana komawa kasuwa, ɗinkin mutane har kan gado, kuma sai an yi mako biyu kafin in ga ƙasan tabarma. Yayi ma ban tsira ba gaba ɗaya. Ƙa'idata dai in sabo ya shigo, tsoho ɗaya ya fita a ranar, kuma na dangi na kusa kawai nake saya. Magajiyar ƙungiyarmu ta yi fushi da ni wata guda, ranar da ta kawo ɗinki muka shirya.

Inda jakunkunan saman wadirob suke yanzu ba komai, iska ce kawai. Wurin kwallaye kuwa kafinta ya buga wa ɗana ɗan gado, 'yata ta samu tebur. Jiya da yamma ta leƙa ƙarƙashin gadona tana neman takalminta, ta ɗago ta ce, "Mma, wannan jakar fa, ta yaushe ce?" Ta makon jiya ce. Ƙyallayen leshi ne, masu kyau ƙwarai, kuma Asabar tana tafe.