Daga Flensburg zuwa tudun Dybbøl

Da hantsi jirgin ƙasa ya ɗebe mu daga Hamburg, bayan kimanin awa biyu muka sauka Flensburg, dab da iyakar Jamus da Danmak. Ko jaka ban ajiye ba na nufi tsohuwar maƙabartar garin, wajen wani mutum-mutumin zaki na tagulla. Mutanen Danmak ne suka kafa shi a 1862 don tunawa da nasararsu a yaƙin Isted na 1850. Da Firushiya, ɗaya daga cikin daulolin Jamusawa na wancan zamani, ta ci yankin aka kwashe shi zuwa Berlin, a 1945 aka kai shi Copenhagen, bai dawo mazauninsa ba sai 2011. Yawon da ya sha kaɗai ya ishe ka gane irin jayayyar da aka yi kan ƙasar Schleswig, wato wannan yanki na kan iyakar Jamus da Danmak.

Washegari na hau bas zuwa Sønderborg a Danmak, daga can na taka zuwa tudun Dybbøl. Iska mai sanyi na kaɗawa daga teku, farin injin niƙa na tsaye a saman tudun, ciyawa ta lulluɓe ganuwar da sojojin Danmak suka fake a bayanta.

Tushen rigimar shi ne Schleswig a cakuɗe take: arewa yawanci harshen Danmak ake yi, kudu Jamusanci. A Nuwamban 1863 Sarkin Danmak Christian na 9 ya sa hannu kan tsarin mulkin da ya ɗaure yankin ga Danmak. Bismarck, firaministan Firushiya, kuwa dama yake jira. Ya jawo Ostiriya, suka afka mata. Makonni aka yi ana ruwan igwa kan wannan tudu, ranar 18 ga Afrilu 1864 da ƙarfe goma na safe Firushiyawa suka auka, cikin 'yan awanni ganuwar ta faɗi. Na zauna gefen wani kabarin bai ɗaya, jikina ya yi sanyi. 'Ya'yan manoma ne akasari ke kwance a nan, kuma da jininsu aka soma share hanyar da ta kai ga haɗe Jamus a 1871.

Danmak ta rasa Schleswig da Holstein da Lauenburg. Sai a 1920 aka tambayi mazauna yankin ta hanyar ƙuri'ar raba gardama: arewa ta zaɓi Danmak, Flensburg ta zaɓi Jamus.

Da na koma Flensburg da yamma na sayi Flensborg Avis, jaridar 'yan asalin Danmak da iyakar ta bari a ɓangaren Jamus. Ban iya karanta ta ba, amma na sa ta a jaka.