Daga Mai Wurno zuwa ɗakin zane a Khartoum

Garinmu Mai Wurno gari ne na malamai tun da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa shi a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Don haka da labari ya bazu cewa na samu gurbi a kwalejin zane-zane ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, tambayoyi suka yi yawa. Yawancin mutanenmu likitanci suka sani, ko shari'a, ko aikin gona a Jazira.

Shekarar farko duk ta horar da ido ce. A ajiye tulu ko kujera a tsakiyar ɗaki, mu kewaye shi da gawayi da fensir, ka miƙe hannu ka runtse ido ɗaya kana auna tsawo da faɗi da babban yatsa. Sai daga baya ake rarrabuwa zuwa sassa: masu fenti, masu sassaƙa, masu ginin tukwane, masu zanen yadi, masu rubutun hannu. Ni fenti na ɗauka.

Darasin tarihin fasaha da yawa daga cikin abokaina sun ɗauke shi na hadda, a rubuta jarrabawa a manta. A ganina duk wanda ya yi haka ya bar rabin karatunsa a ƙasa. Kwalejin tana unguwar Mugran, kuma gidan tarihi na ƙasa yana nan kusa, da ƙafa muke zuwa. A can na tsaya gaban wani kofin yumɓu na tsohuwar daular Karma ta arewacin Sudan, wanda ya haura shekara 3,500. Jikinsa ja, bakinsa baƙi wuluk yana sheƙi, tsakaninsu wani zobe mai launin toka, kaurinsa kuwa bai fi na farce biyu ba, kuma da hannu aka gina shi. Na zana shi har sai da na gane inda cikinsa ke fara buɗewa, abin da hoto a littafi bai taɓa nuna mini ba. A bene kuma a lokacin akwai zanen bangon cocin tsohon garin Faras, waɗanda masana daga Foland suka ɓamɓaro tsakanin 1961 da 1964 kafin ruwan madatsar Aswan ya cinye garin. A nan na fara lura da yadda launuka kaɗan, ja da ruwan ƙasa da fari, suke isar gwani.

Abin da ya juya mini karatu shi ne darasin masu zanen da ake kira Makarantar Khartoum: Ibrahim El-Salahi, Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq. El-Salahi ɗan Omdurman ne, an haife shi a 1930, mahaifinsa malamin allo. Ya yi karatu a Landan, ya dawo ya baje zanensa irin na Turai, mutanen gida ba su kula ba. Sai ya koma ga harafin Larabci da adon allo, yana jan harafin har ya zama fuska ko dabba. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya masa baje koli na aikin rayuwarsa. Malaminmu na nuna hotunan a bango, ni kuwa zayyanar da na tashi ina gani a zauren baffana nake hangowa a ciki.

Da hutu ya zo na je na durƙusa gabansa na ce, "Baffa, so nake ku koya mini haɗa tawadar zayyana." Ya dube ni ya ce, "Ashe karatun naka zai biyo ta nan?" Ya sa aka kankaro baƙin gindin tukunya, ya jiƙa ƙaro, ya nuna mini yadda ake damawa: ƙaro ya yi yawa tawada ta tsattsage in ta bushe, ya yi kaɗan ta goge a hannu. Ya fiƙe alƙalamin kara da askarsa, ya tsaga bakin kaɗan. Sannan ya fito da allunan sauka na almajiransa, ya nuna mini cewa kowace zayyana daga tsakiya ake soma rabonta, da zare ake auna gidajen, ba a sa launi sai an gama jan layi.

A kan wannan na yi aikina na fita: alluna manya, tawadar gida, da rubutaccen bincike mai kwatanta zayyanarmu da sharafa, wato adon allo na makarantun allon Sudanawa. Ranar duba aiki, tambayar da malamai suka fi matsa mini da ita ita ce wa ya zana allunan da na dogara da su, kuma yaushe. Baffa ya tuna sunayen wasu, saura kuwa masu su sun rasu, ba wanda ya rubuta.

Bayan da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka wawashe gidan tarihin nan, karatu a Khartoum ya watse. Ƙannenmu da ke son wannan fanni, abin da nake sa su yi yanzu shi ne su bi zaurukan Mai Wurno da waya da littafi, su ɗauki hoton kowane allon zayyana gaba da baya, su rubuta sunan mai zanen, da malaminsa, da garin da ya koyo.