Santimita uku da suka hana ni barci

Ga 'yan uwa masu koyon ajiye tarihin lafiyar iyali da bin girman yara a jadawali, yau dai layin 'yata ya daidaita, bayan makonni biyu ina zargin lissafina alhali laifin yana wajen awo.

Tun farko na tsara in kammala bishiyar dangi kafin in taɓa jadawalin girma, amma ayyukan biyu sun cakuɗe, domin abin da na gani a bishiyar ne ya sa na kasa haƙuri. Mahaifina yana da ciwon sukari nau'i na biyu, yayarsa ma haka, ni kuma an gano mini sukarin juna biyu a gwajin da ake yi tsakanin mako na 24 da na 28, sannan na haifi yarinyar da nauyin kilo 4.1. Wanda ke ɗauke da wannan tarihi a ransa ba ya duban jadawali da sanyin zuciya.

Da ta cika wata 20 na auna ta, na sami kilo 11.5 da tsawon santimita 79. Na ɗora su a kan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, na nauyi gwargwadon tsawo, mai layukan da ke nuna nisan yaro daga matsakaicin nauyi, sai ga ɗigonta ya matso kusa da layin +2, wanda daga samansa ake cewa yaron da bai kai shekara biyar ba ya yi nauyi fiye da ƙima. Wata uku kafin nan yana wajen +1. Gabana ya faɗi, domin a idona gadon gida ne ya fara bayyana tun yarinyar ba ta iya haɗa jimla ba.

Na kwashe darare ina bin lissafin layi bayan layi. Na tabbatar teburin lambobin awon mata na ɗauko ba na maza ba, na sake shigar da lambobin da hannu, na canza batirin sikeli, har na sayi sabon sikelin jarirai da kuɗin da har yanzu nake jin zafinsu, shi ma ya ba ni 11.5 ɗin nan ba ragi ba ƙari. Ko sau ɗaya ban yi zargin tsawon ba, saboda na ɗauka babu abin da ya kai jingina yaro da bango sauƙi.

A nan kuskuren yake. A baya kwantar da ita nake yi, amma da ta fara gudu ta ƙi kwanciya, sai na tsayar da ita na ja layi da fensir. Ƙa'idar kuwa ita ce yaron da bai kai wata 24 ba a kwance ake auna shi, idan kuma dole ta sa aka auna shi a tsaye, sai a ƙara santimita 0.7. Ban ƙara ba. Wannan ma ƙaramin laifi ne idan aka kwatanta da yadda ta tsaya: gwiwa a lanƙwashe, kai a sunkuye tana leƙen fensirin, dugadugai nesa da bango. Jiya muka kwantar da ita a kan allon awo, mahaifinta ya riƙe kanta ya manna da katakon sama, ni kuma na danne gwiwoyin a hankali na turo katakon ƙafa har ya zauna a tafin ƙafarta. Sau uku muka maimaita tana ta tsala ihu, sau ukun kuma 82 muka samu. Kilo 11.5 a kan santimita 82 ya dawo da ɗigon kan layin +1, inda yake tun da. Na yi murna ƙwarai, har na sake zana layin da jan biro don kawai in kalle shi.

Ban ce an gama ba, domin +1 iyaka ce da ake sa wa ido, kuma tarihin yana nan daram. Sai dai firgitar ta sa na gyara bishiyar. A da shafi guda na yi wa ciwon sukari, yanzu na raba shi uku. Ɗan ƙanin mijina mai nau'i na ɗaya na cire shi daga wannan lissafi, tunda nasa garkuwar jiki ce ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ba ƙiba ce silarsa ba. Nau'i na biyu shi ne ke tafiya da gado da ƙiba da yanayin rayuwar gida. Nawa na juna biyu kuwa na ja masa layi biyu, saboda sukarin uwa yana ratsa mahaifa, ɗan tayi ya ƙara fitar da insulin ya tara kitse, kuma ana danganta hakan da haɗarin ƙiba daga baya.

Jadawalin da bishiyar duka zan kai wa likitan yara a ganinmu na gaba. Awo kuma a kwance zai ci gaba har ta cika wata 24, ranar da zan koma teburin tsayuwa in rubuta hakan a gefen takarda da manyan baƙaƙe.