Mako na sha ɗaya: na saki manhajar ruwan sama kafin hadari ya taso

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. 'Yar manhajar nan da nake ta fama da ita tun lokacin hunturu, na sake ta ranar Talata, siga ta 0.1.0, a buɗe ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Aikinta bai taka kara ya karya ba: ka ba ta milimitar da ma'aunin ruwa ya nuna kullum, ta tara maka na wata, ta nuna ranar da damina ta kankama.

Ban so sakinta yanzu ba, don da sauran gyara. Amma manyan ayyuka ma ba sa jira sai komai ya kammala, rana suke sawa. Harshen rubuta manhaja na Python na fitar da sabuwar siga kowace Oktoba tun daga 3.9 a 2020, takwaransa R kuma galibi a Afrilu. Ni kalandata tana sama. In ba ta shiga hannun mutane kafin ruwan fari ba, sai kuma baɗi.

Kwana biyu sai ga kira daga wata ɗaliba a Argungu: "Yaya, ta ƙi tashi fa." Dare guda na kwana a kai, ga zafin Birnin Kebbi, ga batir na ƙarewa. Ashe ni na rubuta np.NaN, alamar gurbin da ba a samu awo ba, ita kuwa kwamfutarta na da NumPy (kayan lissafi na Python) siga ta 2.0, wadda ta fito a Yunin 2024 ta cire wannan rubutun, sai np.nan da ƙananan baƙaƙe. Tawa tsohuwa ce, shi ya sa ban gani ba. Baƙi biyu kacal!

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai. Da ɗalibar ta gwada awon bara, ranakun da ba wanda ya leƙa ma'aunin sai ta cike su da sifili. Manhajar ta ɗauka fari aka yi, ta ture farkon damina da kusan mako biyu, ba ko tari. Kuma laifina ne. Na ɓata sati ina bayanin kowane sashe na lambar, abin da sai mai gyara ne zai karanta, amma ban faɗa ko'ina cewa sifili daban, gurbi daban ba.

Yanzu saman fayil ɗin README, wato bayanin yadda ake amfani da manhajar, layi huɗu ne: awo a milimita, a kwanan wata a sa rana kafin wata, a bar gurbi in ba a auna ba, sai sigar NumPy da na gwada. A ƙasa na sa misalin kwana talatin da amsar da ya kamata ta fito.

Ranar Juma'a zan saki 0.1.1, in Allah ya yarda. In akwai mai awon Zuru ko Yawuri, inda ruwa ke riga mu sauka, don Allah ya gwada, kada ya tambaye ni komai, ya faɗa mini layin da ya maƙale.