Kafin a ƙara kuɗin kan sarki, wa ke da ikon yin tambaya?

A ɗan kamfanin ɗab'in da nake aiki a nan Amurka, kuɗin aika wasiƙu ya fi na takarda da tawada ci mana tuwo a ƙwarya. Shi ya sa nake bibiyar wata hukuma da galibin mutane ba su ma san da ita ba, wato Postal Regulatory Commission, mai kwamishinoni 5 a birnin Washington. Ita ke dubawa kafin gidan waya ya ƙara farashi.

Daga dokar gidan waya ta 1970 har zuwa 2006, ƙarin farashi shari'a ce sosai. Gidan waya ya kawo shaidunsa, masu buga mujallu da manyan 'yan kasuwa su kawo lauyoyinsu, a titsiye shaidu da tambayoyi a rubuce da kuma baki da baki, hukumar kuma tana da wata 10 kafin ta faɗi matsayarta. An yi ta kuka da jinkiri da tsada, kuma masu kukan suna da gaskiya. Dokar 2006 ta share duk wannan. Ta ce ƙarin kada ya wuce hauhawar farashin kayayyaki, gidan waya ya ba da sanarwar kwana 45, jama'a su rubuto ra'ayinsu, shi ke nan.

A lokacin ban ga laifin gajarta zaman ba, tunda abin lissafi ne kawai: ya wuce iyaka ko bai wuce ba? Amma a Nuwamban 2020 hukumar ta ba gidan waya damar ƙetare wannan iyaka. Kan sarkin da yake senti 55 a farkon 2021 ya kai senti 78 a Yulin 2025. Yanzu akwai abin muhawara ke nan, sai dai ƙa'idojin zaman ba su bi sawu ba. An dai ƙara wa'adin sanarwa zuwa kwana 90, amma har gobe ra'ayi kawai za ka aika. In kana da tambaya a kan alƙaluman gidan waya, sai dai ka roƙi shugaban hukumar ya yi ta a madadinka, in ya ga dama.

Ko ra'ayin ma ba kullum ake tanka shi ba. Da aka ɗaga kan sarki daga senti 50 zuwa 55 a 2019, ɗaya daga cikin hujjojin gidan waya shi ne wai farashin da ke rabuwa da biyar ya fi sauƙin lissafi. Wani mutum guda, ba kamfani ba, ya kai ƙara kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington, kotu kuma ta ce hukumar ba ta amsa ƙorafin jama'a yadda ya kamata ba. Daga baya hukumar ta sake rubuta dalilanta, farashin ya tsaya yadda yake. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne sai da aka je kotu kafin a samu amsa.

Ba na son a koma shari'ar wata 10. Ƙananan kamfanoni irin namu ba ma iya biyan lauya na mako guda. Abin da nake so shi ne duk ƙarin da ya zarce hauhawar farashi, a ba masu ruwa da tsaki damar aika wa gidan waya 'yan tambayoyi kai tsaye, a ƙayyade yawansu, a kuma tilasta amsa kafin a rufe karɓar ra'ayi. Akwai jami'in da doka ta ce a naɗa a kowane zama don ya wakilci jama'a. A ɗora masa fitar da bayani na shafi biyu cikin magana mai sauƙi tun makon farko, don mai aika wasiƙun ƙungiyar agaji ya san nawa za a ƙara masa tun kafin wa'adi ya cika.