Lambar sirrin tana hannun yaron

Shekara tara ke nan ina gyaran waya. A Circle da ke Accra, babban birnin Ghana, na koyi aikin, wajen kasuwar waya ta Tip Toe Lane, kafin Allah ya hore min ɗan shago a Nima. Yawancin masu zuwa wurina iyaye mata ne, masu koko da ƙosai, masu tuwo, masu atamfa, kuma fasasshen gilashi ko bakin caji ne ke kawo su. Amma tun da korona ta sa aka rufe makarantu a Maris 2020, yara suka zauna a gida har Janairun 2021, sai wani koke ya ƙaru: "Ɗana, yaron nan ya hana ni wayata, ka rufe min ita."

Da farko na ɗauka abin mai sauƙi ne. In cire TikTok, in sa YouTube Kids, in canza lambar buɗe waya, in gaya musu su kansu masu Facebook da TikTok sun ce sai ɗan shekara 13. Minti biyar na gama, ko sidi ɗaya ba na karɓa. Bayan mako biyu sai ga wayar ta dawo, komai ya koma yadda yake.

Wata Hajiya ce ta buɗe min ido. Ta zo da jikanta, bai wuce shekara takwas ba. Na sa sabuwar lamba, na rage murya na ce, "Hajiya, ga ta nan, kada kowa ya sani." Sai ta juya ta dafa kan yaron ta ce, "Ka ji ko? Riƙe min, ni mantuwa gare ni."

Na tsaya da wayar a hannu. Ashe shi ne ke karanta mata saƙon MoMo idan kuɗi ya shigo, shi ke danna *170#, lambar tura kuɗi ta waya, shi ke nemo mata lambar ɗanta da ke Kumasi. Komai na wayar da Turanci yake, ita kuma allo ta yi, ba boko ba. Ta yaya za ta ɓoye mabuɗi ga wanda ke buɗe mata ƙofa? Su Family Link, manhajojin da iyaye ke sa ido da su a wayar yaro, an yi su ne don gidan da yaro ke da tasa wayar, uwa kuma ta fi shi sanin kanta. A gidajenmu na haya waya ɗaya takan bi hannu biyar kafin magariba, kuma ƙaramin cikinsu ne gwani.

Daga ranar na daina karɓe waya ina yi wa mutane. Yanzu ina fara tambaya, "Mma, wa ke karanta miki saƙo?" Sannan in sa mata buɗewa da yatsa, ta dangwala da kanta sau uku a gabana har hannunta ya saba. Sai in nuna mata inda ake ganin jerin bidiyon da aka kalla. Wannan ya fi duk abin da nake yi amfani, domin hoto ba ya neman boko. Na ga uwa ta ja yatsa a jerin nan, ta yi shiru, ta ce "Innalillahi," ba tare da na fassara mata ko kalma ɗaya ba. Ina kuma roƙonsu wayar ta kwana a ɗakin uwa, ko da ana mata caji.

Masu goyo kuwa nakan faɗa musu shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019: yaron da bai kai shekara biyu ba a raba shi da kallon waya, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ina faɗa a hankali, don na san matar da ke suyar ƙosai tun asuba, da mai yana tafasa a gabanta, ba don sakaci take miƙa wa yaro waya ba. Tsoron wuta ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ne wata rana ina kwashe wa wata baiwar Allah kayan wayarta zuwa sabuwa. Saƙonni suka buɗe daga lambar da ba ta sani ba. Wani ne ke tura wa 'yarta data, yarinya 'yar shekara goma, yana yaba ta, daga baya ya fara neman hoto, yana cewa kada ta gaya wa kowa. Da na karanta wa uwar, ta sunkuya ta cire silifa. Da na tare ta, sai ta ce, "To goge, goge duka, Allah ya rufa mana asiri."

Na ce, "Mma, ki yi haƙuri, ba za mu goge ba. Wannan ce shaida." Na gaya mata Ghana na da dokar tsaron intanet ta 2020, Act 1038, wadda ta mayar da yaudarar yaro ta waya da neman hoton tsiraicinsa laifin ɗauri, kuma ana kiran 292 a kai ƙara, ko a je sashen 'yan sanda na DOVVSU, masu kula da ƙarar cin zarafin mata da yara. Na ce laifin na wancan babban ne, ba na yarinya ba, kuma idan ta sha duka yau, gobe ko me ya same ta ba za ta buɗe baki ba.

Ta daɗe zaune a kan bencin shagon, silifar a cinyarta. Can ta jawo yarinyar ta tambaye ta me ya hana ta faɗa. Yarinyar ta ce, kanta a ƙasa, "Ya ce idan na faɗa za ki doke ni."

Muka ɗauki hoton saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Na kira 292 na sa a lasifika, ana magana da Turanci ina mayar mata da Hausa, ita kuma hannunta na riƙe da na 'yarta har muka gama.